Gaisuwar Sallah daga Mancesta

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah, da fatan Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

Mun sauko daga Idi lafiya, sai dai Idin Ingila abin mamaki ne. A cikin masallaci muka yi shi rukuni-rukuni, wasu su idar su fita, wasu su shiga, kuma da yake babu hutu, ina fitowa na cire babbar riga na wuce wurin aiki. Zakkar fidda kai ma kuɗi muka zuba a akwati, babu gero, balle mudun da Baba yake aunawa huɗu-huɗu a kan kowane mutum.

Abin da ya tsaya mini a rai tun jiya shi ne watanda. Na tuna yadda Baba yake ɓoye ɗan wake tun kaka, sai azumi ya raba tsakiya ya sayar domin ya biya kasonmu, sannan dattawa su tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis su sayo sa. Ranar jajibere a kayar da shi a gindin tsamiya, mahauci ya kasa naman kashi-kashi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan hanta da tumbi, don kada wani ya ce an ƙware shi. Mu yara aikinmu korar ƙuda da shirwa, ladanmu kuma ɗan kitsen da muke gasawa a tsinke. Inna takan ƙirga yankan bayan ta soya, amma da safe lissafi ba ya cika, kuma Yaya ya fi kowa sanin dalili.

A nan nama yana jibge a kanti cikin leda, amma wallahi ko kusa bai kai wancan ɗan kason daɗi ba. Na yi miyar taushe da daddare, sai dai babu wanda zan aika wa, domin maƙwabcina ko sunansa ban sani ba.

Ina gaida Inna gaisuwa ta musamman, na san tun asuba take kan tuwon Sallah, don Allah yara su karɓe ta tuƙin saboda bayanta. A gaida Iya, a ce mata mijinta na Turai bai yi mata kishiya ba, kuma kuɗin goronta yana cikin saƙon da na turo wa Yaya. A gaida Gwaggo da Kawu da Baffa da iyalansu, da malam mai allo, da liman. Auta kuma, idan an kai ta kallon hawa Gumel, a riƙe mata hannu sosai, sannan a turo mini hotonta da lallenta.

Wassalam,
Ɗanku.