Zuwa ga ɗana Habibu, kan maganar rawa da jami'a

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Kawunka da mutanen gidansa. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin Afrilu da ka sani. Binuwai ta ja baya, yashi duk ya fito.

Kawunka ya faɗa mini abin da ka ji nauyin faɗa mini da bakinka: in ka ci bak, jarrabawar gama sakandare, rawa kake so ka karanta. Kwana uku ina juya maganar a shago, har na ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Ba zan hana ka ba, ɗana. Tun kana shekara shida, in aka taɓa kalangu a unguwa, kwanon tuwo kake bari ka fice. Kayan da ka sa a bikin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu ni na ɗinka su, kuma na tsaya cikin rana ina kallonka, zuciyata fal. Mutane za su yi surutu, wai ɗan tela ya zama ɗan rawa. Wannan ka bar mini, ni zan ba su amsa, muddin kana riƙe da sallarka da mutuncinka.

Abin da ke hana ni barci gwiwa ce. Ka tuna yadda marigayi Baffanka yake jan ƙafa zuwa masallaci? Ba haka aka haife shi ba. A zamaninsa, in ya shiga fili ranar Sallah, mata har guɗa suke yi. Rana ɗaya ya yi tsalle ya sauka ba daidai ba, yana da shekara talatin da 'yan kai. Bai san biro ba, bai san wata sana'a ba. Ni na riƙa shafa masa man zafi da dare, ina jin yana cije baki don kada yara su farka. Shi ya sa nake so rawarka ta tafi tare da takarda.

Saboda haka bak tukuna. Daga yau har jarrabawa ka rage zuwa atisaye, sau biyu a mako ya isa. Bayan nan makarantu suna nan. Akwai cibiyar fasaha ta Fumban ƙarƙashin Jami'ar Dschang, da ta Nkongsamba ƙarƙashin Jami'ar Duwala, dukansu sai da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga. Jami'ar Yawunde ta ɗaya tana koyar da wasan dandali da fim. Akwai INJS a Yawunde, inda ake horar da malaman motsa jiki. Wannan ita ta fi kwanta mini, don mai koyarwa yana cin abinci ko ƙafa ta gaji, amma ba zan zaɓa maka ba. Ga kuma jami'armu ta Garwa da aka kafa a 2022, in ka fi son tuwon Innarka. Duk wadda ka nufa, ka nemi ɗalibanta ka tambaye su awa nawa suke yi a fili, awa nawa a aji, kuma ina waɗanda suka gama suke yanzu.

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati a nan Kamaru sefa 50,000 ne a shekara, wannan keken ɗinkina zai ɗauka in sha Allahu. Haya da abinci da kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde su ne masu karya wuya, sai mun zauna mun yi lissafi.

Na ji kana ambaton makarantar rawa ta Germaine Acogny da ke Toubab Dialaw a Senegal. Buri ne mai kyau, kuma ba za ta gudu ba. Amma ka kiyayi mai zuwa da baki mai zaƙi ya ce zai kai ku Faransa. Wani ya taɓa karɓar kuɗin fasfo a hannun Baffanka, har da nawa a ciki, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Innarka ta ba direba kilishi da man shafawa, ta ce ka daina rawa ba takalmi a kan siminti. Takardar haihuwarka tana wurina, zan kai a buga mata hatimi ranar Litinin. Kai kuma ka ɗauki hotuna ka aiko. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka sa'a.

Mahaifinka