Gyaran Fadamun Galma Da Kubanni Daga Tudu Zai Fara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka domin mu ja hankalin manoman Zariya da kewaye, da dagatai da masu unguwanni, kan yashin da ke binne fadamun kogin Galma da rafin Kubanni. Duk mai noman rani ya san alamar: wurin da a da fartanya ke fito da baƙar ƙasa mai danƙo, yau sai an tona kamu ɗaya ko fiye na farin rairayi kafin a tarar da ita. A zuba ruwa da safe, kafin azahar fangali ya bushe, kuɗin man inji ya ƙaru, albasa kuma ta ƙi yin kai.

Wannan yashin daga gonakinmu na tudu yake gangarowa. Ruwan da ke sauka a Samaru a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Ruwan farko kan zo da ƙarfi ya tarar da gona tsirara, an kwashe kara, an ƙone sauran, dabbobi sun lashe abin da ya rage. Binciken da aka daɗe ana yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya nuna ƙasar tudunmu ba ta da isasshen ruɓaɓɓen taki a jikinta, kuma samanta kan daskare bayan an yi ruwa. Da ta daskare, ruwa ba ya nutsewa, sai ya bi kwarin kunya. Idan kunyar ta miƙe daga sama zuwa gangare, to manomi da hannunsa ya yi wa ruwa hanya. Laka mai laushi takan wuce har cikin dam ta rage masa zurfi, yashi mai nauyi kuma ya zube a fadama inda gudun ruwa ya ragu.

Asarar biyu ce, domin mai gonar tudu ma ba ya tsira. Shawarar da aka saba bai wa mai masara ita ce buhu 8 na takin zamani NPK 15:15:15 da kusan buhu 3 na yuriya a hekta ɗaya. Wanda ya watsa wannan takin a saman ƙasa, wani kaso na yuriyar zai bi iska a zafin rana, wani kuma ya bi ruwa. Daidai shi ne a soka rami mai zurfin santimita 5, da tazarar santimita 5 zuwa 8 daga gindin shuka, a zuba a rufe, NPK cikin mako biyu na farko bayan shuka, yuriya a mako na 4 zuwa na 6.

Maganin da muka fi amincewa da shi bai wuce ƙarfin talaka ba, wato layin ciyawar jema a gicciye. Aikin farko shi ne gano layin da ba ya gangara ko ina. A samu sanduna biyu masu tsawon mita 2, a ɗaure kawunansu, a gitta ta uku a tsakiya, a rataya dutse da igiya daga sama. A tsayar da wannan ma'auni a wuri, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya ƙafafun su canza wuri, a sake alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Daga nan sai a riƙa taka shi a faɗin gona, duk inda igiya ta faɗa kan tsakiya a kafa turke. A bi turakun da ɗan rami, a tsaga gindin jema zuwa ƙananan dashe masu tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15, a taka gindin da kyau. Inda ba a samu jema ba, gamba ma tana taimakawa, ko da yake ba ta kai jema cunkushewa ba.

Abu uku ke lalata wannan aiki. Mafi muni shi ne giɓi: idan dashe biyar suka mutu a jere ba a cike ba, duk ruwan gonar zai taru ya bi ta nan, ya haƙa kwazazzabon da ya fi na da. Sai layin da aka ja da ido kawai, wanda ke tura ruwa gefe guda zuwa gonar maƙwabci, daga nan kuma sai rigima a gaban mai unguwa. Sai dashen da aka makara. A dasa da zarar damina ta kankama, saiwa ta kama kafin ruwan Agusta. A damina ta biyu za a ga ƙasa ta fara taruwa a bayan layin kamar dakali, ga kuma ciyawar zana da jinka.

A cikin fadamar kanta, roƙonmu shi ne a daina noma har bakin gaɓa. Mun san ƙasar wurin ta fi daɗi, kuma mai ɗan fili yana ganin kowane taku kuɗi ne. Amma gaɓar da aka cire wa saiwa zabtarewa take yi duk damina, filin da ake kwaɗayi ya tafi gaba ɗaya. A bar aƙalla taku goma na ciyawa da itatuwan da suka saba da jiƙa, irin su giyayya da malmo da gora. A nan kwaɗi da tsuntsayen da ke rage mana ƙwari suke fakewa, a inuwar kuma 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa ke girma. Wanke injin feshi a cikin rafi kashe su yake yi, ga shi kuma ruwan nan ne mutane da shanu ke sha a can gaba inda rafin ya gangara. A ɗebi ruwa a bokiti, a wanke nesa da gaɓa, a zubar a cikin gonar da aka fesa.

Masu shinkafa su lura da wani jan ruwa mai maiƙo-maiƙo da ke kwanciya a fangalin da ruwa ba ya fita. Idan ganye ya fara ɗigo-ɗigon launin tsatsa daga baki, sau da yawa sinadarin ƙarfe ne ya yi yawa, kuma ƙarin yuriya ba zai gyara ba. A buɗe magudana, a bar ƙasa ta sha iska na 'yan kwanaki, sannan a auna ta. Ɗibar ƙasar awo ba wuya: a bi gona a karkace, a ɗiba a wuri 15 zuwa 20 daga sama zuwa zurfin santimita 20, a kauce wa gindin bishiya da juji da gidan gara, a gauraya a bokitin roba mai tsabta, a shanya a inuwa, a ɗauki rabin kilo. Ta tudu daban, ta fadama daban, kada a haɗa su.

Muna roƙon cibiyoyin bincike da na faɗakar da manoma da ke Samaru, tare da ƙananan hukumomin Zariya, Sabon Gari da Giwa, su kafa gandun renon jema a kowace gunduma, domin rashin irin dashe ne ke fara tsayar da mai niyya. Su kuma sarakunan noma su haɗa masu gonakin tudu da masu fadamar da ke ƙasansu a zama ɗaya tun a watan Afrilu, a auna layuka a kafa turaku kafin ruwa ya sauka.

Wassalam.

Daga wasu malaman gona,
Samaru, Zariya.