Wasiƙar Sallah daga Faransa: gardamar rufin babban kanti

Yuni 2024

Zuwa ga Baba da Inna da Yaya da dukkan mutanen gida a Maraɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana, ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana. Kuɗin da na aiko ta hannun Yaya, wani kaso na rago ne, sauran kuma na farantan solar da ake son ɗora wa shago. A kan na biyun nan nake so in tsawaita bayani, domin maganar sola a rufin kanti ita ce ta raba kan mutanen garin da nake zaune, kusa da Liyon, tun kafin azumi, kuma kun san ɗora farantan shi ne sana'ata a nan.

Abin da ya tada ƙurar shi ne wani babban kanti na bakin gari, irin wanda ake samun komai a cikinsa daga burodi har firji, ya nemi izinin rushe tsohon gininsa ya yi sabo wanda ya fi shi girma. A ƙasar nan duk kantin da filin cinikinsa ya wuce murabba'in mita 1,000 sai kwamitin jiha ya amince da shi, sannan a duba ko ya dace da tsarin gine-ginen gari, don haka aka ajiye kundi a ma'aikatar magajin gari domin kowa ya rubuta ra'ayinsa, aka kuma kira taron jama'a. Irin waɗannan kantuna sun daɗe suna damun mutane. Tun da kamfanin Carrefour ya buɗe na farko a kusa da Paris a 1963, bakin kowane gari ya cika da gine-ginen kwano masu kama da akwatunan ashana, kowanne da ƙaton allon talla da filin ajiye motoci wanda ya fi shi kansa faɗi.

Doka kuwa ba ta bar wa mai kanti zaɓi ba. Dokar yanayi ta 2021 ta wajabta wa sabon ginin kasuwanci da ya wuce murabba'in mita 500 ya rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na rufinsa da farantan sola ko da shuke-shuke. Dokar 10 ga Maris 2023 ta ƙara da cewa filin ajiye motoci da ya wuce murabba'in mita 1,500 sai an yi wa aƙalla rabinsa rumfunan sola, manyan filaye kafin Yulin 2026, ƙananan kuma kafin Yulin 2028. Saboda haka a taron babu wanda ya tashi ya ce ba ya son sola. Rigimar ta tsaya ne a kan yadda ginin zai kasance da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗin.

Mazauna unguwar da ke daura da kantin sun nemi a yi rufi mai gangara da jan tayil irin na gidajen yankin, a yi fuskar ginin da bulo da tagogi, a rage girman allon talla, a kuma ɓoye na'urorin sanyaya ɗaki. Masu fafutukar kare muhalli suka ce rufin tayil mai kusurwoyi da yawa yana cinye wurin faranti, kuma gefen da ke kallon arewa kusan asara ne, gara shimfiɗaɗɗen rufi a cika shi da sola. Da aka zo kan filin motoci sai su ma kansu ya rabu, domin kafa rumfunan zai sa a sare manyan itatuwan da ke wurin, alhali dokar ta yi sassauci ga filin da itatuwa suka riga suka inuwantar da rabinsa. Akwai kuma tsohuwar majami'ar garin, wadda duk gini a cikin mita 500 daga gare ta sai jami'in kula da gine-ginen tarihi ya faɗi ra'ayinsa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu ƙananan shagunan tsakiyar gari, mai burodi da mahauci da mai sayar da takalma, waɗanda suka ce ana nuna wa jama'a sola ne don a samu izinin faɗaɗa kanti a kwashe musu sauran masu ciniki. A ganina ba su yi ƙarya ba.

Abin da ba a tsaya a kansa ba a taron, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, shi ne ƙarfin rufin. Kowane faranti yana kai kilo 20 ko fiye, ga ƙarafan da ke riƙe shi, ga tubalan kankare da ake dannewa da su don kada iska ta ɗaga. Tsofaffin kantunan an gina su da arha, da siraran ƙarafa da ba su ɗaukar komai bayan ruwan sama da ɗan ƙanƙara. Na taɓa hawa rufin wani irinsu, ina takawa ina jin kwanon yana lotsawa a ƙarƙashin takalmina, kuma da injiniya ya gama lissafinsa sai muka sauke kayanmu muka tafi. Shi ya sa nake ganin ƙa'idar da ta kamata majalisar gari ta fara rubutawa ita ce a gina rufin tun daga tushe da ƙarfin ɗaukar faranti, a kewaye shi da ɗan katanga da zai ɓoye su daga idon mai tafiya a titi, sannan a tilasta wa kantin ƙawata fuskarsa da barin itatuwan. Ta haka kowane ɓangare zai samu mafi yawan abin da yake nema, kuma kamfanin da ke da kuɗin rushe gini ya yi sabo ba zai ce kuɗin bulo ne ya gagare shi ba. Har yanzu majalisar ba ta yanke hukunci ba.

Yaya, na san wahalar da kuka sha bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, kuma na san shi ya sa kake gaggawar ɗora farantan. Duk da haka ina roƙonka kada a hau da ko ɗaya sai kafinta ya duba katakon rufin shagon, domin gara ta daɗe da shiga cikinsa. A ɗaure ƙarafan da kusoshi masu noti a jikin katakon kansa, kada a dogara da kwano, musamman yanzu da damina ta kama ana iskar hadari. A bar tazara tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa, saboda zafi yana rage musu ƙarfi, a kuma bar hanyar da yaro zai hau ya goge ƙura idan hunturu ya zo. Ka kuma yi magana da maƙwabcin da ke shirin ɗora bene ta gabas, tunda inuwarsa za ta faɗo a kan rufinmu da safe.

Ku isar da gaisuwata ga Baba ƙarami da Gwaggo da su Hajiya, da yara baki ɗaya. Ina jiran hoton katakon rufin kafin a biya mai sayar da farantan.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya