Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 na Ƙungiyar Mazauna Unguwarmu, Damagaram

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malam liman, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da samarin fada, wato matasan majalisun hira na unguwa, da suka tsaya mana a shekarar nan, muna gaishe ku da fatan kowa ya tashi lafiya.

Ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar 2024. Ni magatakarda na rubuta shi, kwamiti ya saurara ya amince. Lissafin kuɗi yana hannun ma'ajiya, ita za ta karanto shi dala bayan dala a gaban kowa ranar babban taro, don haka ban sa shi a nan ba.

Da ruwa zan fara, domin shi ya cinye mana fiye da rabin shekara. Azumin bana ya faɗo cikin bazara, daga Maris zuwa farkon Afrilu, kuma duk wanda ke zaune a sashen tudu ya san abin da aka sha. Ka buɗe famfo, sai ya yi ta huci kamar zai kawo, iska kawai ke fita. Ƙarfe uku na dare nakan fito in tarar da jarkoki jere tun daga bakin famfon gangare har kwanar masallaci, wata an ɗaure mata tsumma a hannu, wata an ɗora mata dutse don kada a ture ta daga layi. Akwai wata gwaggonmu, ba zan kira sunanta ba, da na samu zaune kan jarkarta tana gyangyaɗi, ga jikanta a goye, tukunyar sahur kuma tana jiranta a gida. Daren nan ne na ce wa shugaba maganar ruwa ta wuce hirar gindin bishiya, sai an rubuta ta a takarda.

Abin da muka yi ke nan. Samarin fada suka raba unguwa layi-layi, kowane ya riƙe littafi, ana rubuta ranar da ruwa ya zo, da ƙarfe nawa, da lokacin da ya ɗauke. Littafin ya nuna mana abin da kowa ke zargi amma ba wanda ya taɓa tabbatarwa: gidajen gangare suna samu kusan kowane dare, na kan tudu kuwa sai su jera kwanaki ba su ga ɗigo ba, domin kafin ruwa ya hau can ƙarfinsa ya ƙare. Da littafin a hannu wakilanmu suka je wurin masu kula da ruwa. An karɓe su da mutunci, an kuma yi musu bayanin da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani.

Garinmu a kan dutse yake zaune. Duwatsun da muke gani a Birni, tsohuwar unguwar garin nan, waɗanda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto, su ne a ƙarƙashin gidajenmu, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga. Shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi: daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Na Gogo da Machaya da damina ya dogara, in sama ta yi rowa, rijiyoyin can su ja baya tun kafin bazara ta yi nisa. Injinan da ke turo shi kuma da lantarki suke aiki, in wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya a hanya. Matsalar ta girmi kakanninmu. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan Zinder, wato Damagaram, suka mayar Yamai a 1926. Na kawo wannan ne ba don mu naɗe hannu ba, sai don mu san irin ciwon da muke nema wa magani.

A cikin gida mun yi abin da ƙarfinmu ya kai. Masu famfo a gangare sun yarda su buɗe ƙofa ga maƙwabtan tudu bayan sallar asuba, kuɗin da ake karɓa bai wuce abin da zai biya takardar ruwa ba. Allah ya saka musu da alheri, don ba ƙaramin haƙuri ba ne a cika maka zaure da jarkoki da hayaniyar yara kullum safiya. Mun zauna da ƴan ga-ruwa ma. Wasu daga cikinmu sun zo da zafi, suna cewa sun tsawwala farashi. Da aka bar su suka yi magana, sai muka ji nisan da suke tura kura cikin rana kafin su samu inda ruwa yake. Aka rabu a kan cewa tsofaffi da gidajen marayu za a riƙa fara kai musu, a farashin da aka yi ittifaƙi, kuma sun cika alkawari. Bututun da ya fashe a bayan makaranta, wanda ya yi makonni yana malala yara na wasa a ciki, mun kai rahotonsa an zo an gyara.

Muhawara mafi zafi ita ce ta rijiyar burtsatse. Da yawa sun ce a haɗa kuɗi a haƙa tamu mu huta. Mun gayyato wani ɗan unguwa da ya yi aikin haƙa shekaru, ya ce a irin ƙasarmu kana iya zuba dukiya injin ya yi ta cin dutse, ƙura kawai ta fito, in ma an dace ruwan ya ƙafe a watan da aka fi bukatarsa. Ra'ayin kwamiti, kuma nawa ke nan, shi ne a gina shato, wato babban tankin ruwa na sama, da famfon jama'a, ya cika da dare lokacin da ruwa ke da ƙarfi, a raba da rana. Amma shato sai da wurin kafa shi, wuri ɗaya kuma ya rage mana a unguwar nan: filin da aka keɓe wa jama'a tun lokacin da aka yanka filaye. Zan dawo kansa.

Maganar hanya ba ta da tsawo, amma ta taɓa mu a jiki. Zinder mahaɗa ce: hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Diffa ta ratsa ta, haka wadda ta sauko daga Agadas da Tanut zuwa Magarya da iyakar Najeriya. Tun da matatar mai ta fara aiki a 2011 tankoki suka ƙaru, da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na bana kuma manyan motoci suka dawo da ƙarfinsu. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, sai ka ga ƴan kabu-kabu da adaidaita sun baro kwalta sun kutso cikin lungunanmu don kauce wa cunkoso. A haka babur ya buge wani yaronmu yana dawowa daga makaranta, ya karye a ƙafa. Ya warke, alhamdu lillahi, ƙungiya ta taimaka da kuɗin magani. Daga nan samari suka fara tsayawa da jan ƙyalle safe da rana suna tsallakar da yara. Tudun ƙasa da wasu suka tara cikin dare a tsakiyar hanya don rage gudu, mun sa an kwashe, domin ya kayar da wani dattijo a kan keke, kuma ba a yi shi da izini ba. Mun rubuta takardar neman a yi mana na ƙa'ida, muna bibiya. Su ma ƴan kabu-kabun da yawansu ƴaƴanmu ne, mun kira shugabanninsu mun yi magana ta fahimta.

Sai damina ta zo da abin da ba mu saba gani ba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari da hamsin, ya rushe saboda ruwan sama, garin nan kaf ya ji abin a zuciya. A unguwarmu katangu sun faɗi, ɗakuna sun zube, wasu iyalai sun kwana a azuzuwan makaranta. Ba a rasa rai ba, wannan rahama ce. Mun yi gayya, an cika buhuna da yashi, an yashe lambatu, mata sun dafa wa masu aiki da waɗanda suka rasa muhalli.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Ruwan da ya shiga gidajen gangare ba daga sama kaɗai ya zo ba. Hanyar da yake bi tun fil azal zuwa tafki mu muka toshe ta. Wannan ya ƙaro dakali, wancan ya turo katanga taku biyu cikin layi, wani ya kafa shago a bakin kwalbati, shara kuma kowa ya san inda yake zubar da tasa. Mutanen da suka buɗe mana ƙofa muka ɗebi ruwa da bazara, su ne muka tura wa ambaliya da damina. Ranka ya daɗe mai unguwa ya zaga da kansa, wasu sun rushe abin da suka ƙara ba tare da musu ba, muna gode musu. Wasu har yau ana lallashi.

Yanzu ga filin. Bayan damina aka wayi gari an ga turaku a gefensa na gabas, har an sauke yashi. Wanda ya sauke ya ce saya ya yi, ya nuna takarda. Ba mu yi faɗa da shi ba, domin mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi. Dattawa suka binciko tsohuwar taswirar yankan filaye a wurin wani baba da ya adana ta cikin akwatin ƙarfe, naɗe a leda, gefenta ya cinye amma layukan na nan raɗau, filin kuma an nuna shi a matsayin na jama'a. Da yake an rusa majalisun gari a watan Afrilu an naɗa masu riƙo, sai da muka sake gabatar da kanmu da takardunmu daga farko. An saurare mu, an dakatar da ginin har a gama bincike. Nasara ce, amma ta wucin gadi. Fili in yana zaune babu komai a kansa, ido ba ya barinsa: yau masu manyan motoci sun mayar da shi wurin kwana, gobe wani ya zo da wata takardar. In shato ya tsaya a wurin, da famfo da bishiyoyi, mata na ɗiba yara na wasa, babu mai zuwa ya kafa turke. Kuma ta gefensa ne hanyar ruwa ta bi, in aka gine shi, ambaliyar baɗi sai ta fi ta bana.

Abu biyu sun dame ni game da mu kanmu. Da bazara wurin taro ba ya ɗaukarmu, da ruwa ya dawo famfo sai tabarmi suka koma fayau, kuɗin wata ma ya ja baya. Na biyu, iyayenmu mata su ne ke tashi tsakar dare neman ruwa, amma in ban da ma'ajiya babu mace a kwamiti. Kwamiti ya kawo shawarar a gyara wannan a zaɓe mai zuwa, kuma kula da famfon jama'a, in Allah ya sa an gina, ya kasance a hannunsu.

Babban taro zai kasance Lahadin farko ta watan gobe bayan la'asar, a cikin filin kansa, don kowa ya gan shi da idonsa. Za a yanke hukunci kan shato ko rijiya, da abin da kowane gida zai bayar. Wanda yake da takardar filinsa ya zo da ita, za mu gwada da taswira. Samari ku zo da littattafan ruwa, za mu sake buɗe su tun daga Fabrairu, kafin zafi ya kama.

Wassalamu alaikum.

Magatakarda, a madadin kwamiti