Fentin falo ya raba kanmu ni da maigida

Assalamu alaikum Anti,

Allah ya ƙara basira. Matsalata ƙarama ce a idon wasu, amma yau sati biyu ke nan ta hana ni sakat.

Za mu sake fentin falonmu. Shekara 4 yana ruwan madara, kuma wallahi na gaji da goge bango. Yarana uku, babban shekararsa 7. Wajen makunnin wuta ya yi baƙi ƙirin da shatin yatsu, bayan doguwar kujera kuwa autata ta zana mana wani abu da biro, wai kyanwa ce. Shi ya sa na ce wannan karon a yi shuɗi mai duhu, in huta.

Maigida ya ce sam. Kuma ban ce ba shi da hujja ba. Tagar falon ɗaya ce tak, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Ya ce launi mai haske yana maido da ɗan hasken da ya shigo, mai duhu kuwa shanye shi yake yi, sai mu riƙa kunna ƙwai da rana tsaka, falon ya ƙara matsewa.

Na tambayi mai fentin ko zai raba gardama, sai ya ƙara dagula min lissafi. Wai duhu yana ɓoye shatin hannu, amma yana tona asirin ƙura da duk inda kujera ta karce. In kuma wata rana na gaji na ce a koma fari, sai an shafa sau biyu ko uku kafin shuɗin ya ɓace. Ya ce in dai don yara ne a sa mai sheƙi, tsumma da ruwa sun ishe shi, sai dai yana fito da duk wani tudu da kwarin filasta, namu kuwa ba a cewa komai.

Har gwaji muka yi a gefen ƙofa. Da hantsi shuɗin ya yi kyau har na kira maigida ya gani. Da dare, a ƙarƙashin ƙwan nan mai rawaya, sai ya koma kamar baƙi. Shiru na yi, shi kuma yana ta murmushi.

Yanzu ya sakar min zaɓi, da sharaɗin duk abin da aka shafa ya zauna shekara 5, ba ƙorafi. Anti, in yi bango ɗaya da duhu, ukun da haske? In haka ne, wanne: mai tagar ko mai kallonta? Ko in haƙura da shuɗin har yaran su yi wayo? Mai fentin zai zo ranar Asabar.

Taki,
Maman yara uku