Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙoton kamun kifi na soso

Assalamu alaikum 'yan uwa, manyanmu da ƙannenmu. Ga bayanin abin da muka yi bana a madadin kwamiti, duk wanda ya ga na tsallake wani abu dan Allah ya tuna min a wajen taro.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne maganar awo, kuma gaskiya ni a wurina shi ne babban ci gaban da muka samu. A bara kowa da ido yake zuba sinadari, shi ya sa sai ka ga mutum biyu sun yi aiki da mazubi ɗaya amma ƙoton wannan ya kwanta gefe guda a kan ruwa, na wancan kuma ya nutse ana kallo. Soson foliyuretan da muke zubawa ruwa biyu ne, A da B, ana gauraya su daidai wa daida sai ya kumbura ya cika mazubin silikon, kuma lambar da ke jikin gwangwanin, 2 ko 8 ko 16, nauyinsa ne da fam a ƙafa ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Ruwa kuwa wajen fam 62 yake a wannan ma'aunin, kun ga ke nan ko mai lamba 16 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ruwa ba, akwai sararin da za a sa waya da ƙugiya da dalma da fenti bai nutse ba. Mai lamba 2 mun ajiye shi, da babban yatsa ma kana lotsa shi balle haƙorin kifi. Yanzu tsakanin 8 da 16 muke aiki.

Gwajin da muka koya wa kowa ba shi da wahala. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifili, ka soke ƙoton da siririyar waya ka danna shi cikin ruwan har ya shige gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da ƙoton ya ture. In dai nauyin ƙoton da duk kayansa bai kai wannan lambar ba, to zai taso. Ranar da muka fara gwadawa wani dattijonmu da ya daɗe yana cewa hannunsa ya fi sikeli ya tsaya yana kallon lambar shiru, can sai ya ciro ƙaramin littafi ya fara rubutawa, wallahi abin ya min daɗi. A tuna dai ruwan teku ya ɗan fi nauyi, wajen giram 1025 a lita maimakon 1000, ƙoton da ya tsaya tsakiyar ruwa a bokiti zai iya tasowa sama a can.

Mun yi asarar zubi guda a tsakiyar shekara, duk suka fito da ramuka a ciki kamar gidan zuma. Danshi ne ya shiga, an bar gwangwani a buɗe kuma mazubin bai gama bushewa ba, shi kuwa sinadarin da ya haɗu da ruwa sai ya fitar da iska ya yi kumfa fiye da kima. Sanyi ma yana hana shi kumbura yadda ya kamata, a ɗan ɗumama gwangwanayen tukunna.

Ɓangaren fenti ya yi kyau sosai. Sabbin shiga sun gane da idonsu cewa farin soson nan da ake kunshe kaya da shi ba ya shiri da fentin fesawa, an fesa wa guda ɗaya ya narke ya shanye a gabanmu. Foliyuretan ba ya haka, matsalarsa man da ake shafa wa mazubi, in ba a wanke shi da sabulu an bi da samfefa ba fentin zai ɓare tun jifan farko. Sai farin fenti a ƙasa, fentin akrilik a sama, a rufe da efoksi, wato ruwan gam mai daskarewa, a ɗora a kan injin da ke juyawa a hankali har ya kama, in ba haka ba duk sai ya taru a gefe guda ya ɓata daidaiton da aka sha wahalar aunawa. Masu ganin kayan aikinsu bai kai ba kullum ina ba su labarin Lauri Rapala na ƙasar Finlan, a 1936 ya sassaƙa ƙotonsa na farko da wuƙa, ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewa, ya narka fim ɗin hoto ya rufe shi.

Inda ban ji daɗi ba shi ne kula da lafiya. Ɗaya daga cikin ruwan biyu yana ɗauke da aisosayanet, shaƙarsa tana jawo asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi ko kaɗan ya shaƙa sai ya tashi. Ɗan uwanmu guda ya yi ta tari bayan ya yi zubi a ɗaki a rufe, Allah ya ƙara masa lafiya. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ba zubi sai a fili ko inda iska ke ratsawa, da safar hannu da gilashin ido da takunkumi mai matatar sinadari, na ƙyalle ba ya tare komai. Dalma ma mun tattauna a kanta, guba ce, Birtaniya ta hana ƙananan dalmar kamun kifi tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiya suna mutuwa. Wasunmu sun fara gwada ƙwallayen ƙarfe, sun fi cin wuri a cikin ƙoton amma suna aiki.

Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi a taro, waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su kawo kafin nan don silikon ɗinmu ya kusa ƙarewa. Baɗi in Allah ya kai mu za mu koma kan leɓen gaba, wato ɗan faifan da ake sa wa ƙoto a baki, yadda karkatarsa ke sa ƙoto ya yi ƙasa ko ya tsaya kusa da sama, kowa ya zo da guda biyu da bai sa wa leɓe ba da littafin awonsa.

Sakatare