Sanarwa kan jinkirin motar masara

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'aikatan sito.

Ina sanar da ku cewa tirelar masarar da muke jira daga kasuwar Dawanau ba za ta iso Daura yau ba, domin ta lalace a kusa da Kazaure, kuma bakanike ya ce gyaran zai kai gobe da hantsi. Ƴan dakon da aka kira ƙarfe 2 su dawo gobe bayan azahar; za a ba su kuɗin mota na yau, tunda ba laifinsu ba ne.

Sauranmu za mu yi amfani da wannan rana mu ɗaga buhunan da ke jingine da bangon gabas, mu ɗora su a kan katako. Jiya na sa hannu ƙarƙashin buhun da ke can ƙasa na ji damshi, kuma kun san yadda siminti yake jawo laima da damina. Tsohon kaya a matso da shi bakin ƙofa domin ya fara fita.

Akawu ya kira waɗanda muka yi wa alkawari tun yanzu, kafin su turo motocinsu.

Direbobi kuma, don Allah da zarar mota ta tsaya a sanar da ni nan take, tare da sunan wurin. Labarin yau sai bayan awa 3 ya iso mini.

Na gode.